Na'urar da Ke Tatsar Saniya Ba da Hannun Mutum Ba

Malam makiyayi, kai da ka saba sammako da ƙwarya a hannu, wataƙila ka ji labarin gonakin Turai inda saniya ke kai kanta wurin tatsa. Ba almara ba ce. A ƙasar Holan aka fara girka irin wannan na'ura a gonar kiwo a shekarar 1992. Daga baya kamfanin DeLaval na ƙasar Suwidin ya fito da tasa.

Kowace saniya tana sanye da abin wuya mai ɗauke da lambarta. Da ta shiga rumfar tatsa, kwamfuta za ta gane ta, ta duba ko lokacinta ya yi. In bai yi ba, sai ƙofa ta buɗe ta wuce. In ya yi, sai a zubo mata abinci mai gina jiki, wanda dama kwaɗayinsa ne ya kawo ta. Tana cikin ci, wani hannun ƙarfe zai wanke kawunan nono, ya lalubo kowanne da hasken lesa, ya maƙala masa kofin tatsa. Na'urar tana kuma gwada madarar. Idan ta ga alamar ciwon hantsa, sai ta hana ta shiga tankin sanyi, ta sanar da mai gona. Na'ura guda tana ɗaukar shanu kimanin 60, kowace tana zuwa sau 2 zuwa 3 a rana.

To amma malamin gona ya yi hattara kafin ya kwaɗaita wa manoma ita. Domin shanun Firiziyan aka ƙera ta, masu ba da lita 25 ko fiye a rana, waɗanda ke sakin nono ko babu maraƙi. Bunajinmu kuwa galibi sai maraƙi ya fara tsotsa kafin nono ya sauko, kuma abin da ake tatsa ba ya cika wuce lita 2. Ga tsada, ga buƙatar lantarki dare da rana. Wuta ta ɗauke na 'yan sa'o'i, sai shanu su yi cincirindo a ƙofa da hantsa cike.

Sai dai binciken nan da na'urar ke yi bai fi ƙarfin hannunka ba. Wanke hantsa da ruwa mai tsabta, ka tsane ta da ƙyalle, sannan ka tatsi ɗigon farko na kowane kan nono cikin baƙin kofi. Idan ka ga gudaji, ko jini, ko madara ta tsinke kamar ruwa, bar saniyar sai ƙarshen tatsa, kada ka haɗa nononta da na sayarwa, kuma ka kira malamin dabbobi.