Gidan Talabijin Na Kaduna: Daga Hannun Jihar Arewa Zuwa Hannun Tarayya

A cikin watan Maris na shekarar 1962 ne mutanen Kaduna suka fara ganin hoto mai motsi a cikin akwatin talabijin daga tashar da take tasu ta kansu. Gwamnatin Jihar Arewa, a ƙarƙashin jagorancin Firimiya Sa Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ita ce ta kafa kamfanin watsa labarai na BCNN, wanda ya haɗa rediyo da talabijin a inuwa guda. Da yake a lokacin babu ƙwararrun injiniyoyi 'yan ƙasa isassu, sai gwamnatin ta yi haɗin gwiwa da kamfanoni biyu na Ingila, watau Granada da EMI.

Asalin maganar kuwa siyasa ce. A rikicin tsarin mulki na shekarar 1953, Gwamna Makfasan ya soki jam'iyyar Cif Obafemi Awolowo ta gidan rediyon gwamnatin mulkin mallaka, aka kuma hana Awolowo damar mai da martani. Da tsarin mulki na 1954 ya bai wa jihohi ikon kafa tashoshinsu, sai Jihar Yamma ta buɗe talabijin a Ibadan a 1959, Jihar Gabas ta biyo baya a Inugu a 1960. Shugabannin Arewa sun fahimci cewa wanda ba shi da tasha, wani ne zai riƙa ba da labarinsa yadda ya ga dama.

Bayan da Janar Yakubu Gowon ya raba ƙasar nan zuwa jihohi 12 a 1967, sai tashar ta zama dukiyar gado ta jihohi 6 na Arewa, a ƙarƙashin hukumar kula da kadarorinsu na haɗin gwiwa. Abin tarayya dai, kowa da inda hankalinsa ya karkata. Jihar Binuwai-Filato ma ta buɗe tata tashar a Jos.

Babban sauyi ya zo ne da dokar soja mai lamba 24 ta shekarar 1977, wadda ta kafa Hukumar Talabijin ta Ƙasa, watau NTA, ta kuma danƙa mata dukan tashoshin talabijin na ƙasar nan. Hujjar gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ita ce haɗa kan al'umma bayan yaƙin basasa. Hujjar tana da nauyi, amma Arewa ta biya farashi, domin lokutan da jama'a suka fi zama gaban akwati sun koma na shirye-shiryen da ake turowa daga Legas, akasarinsu da Turanci. Duk da haka, a wannan gida ne Usman Baba Pategi ya ci gaba da nishaɗantar da masu kallo da wasan Samanja, Ƙasimu Yero kuma ya yi suna.

Tsarin mulki na 1979 ya mayar wa jihohi ikon mallakar talabijin, amma ba a mayar da tashar Kaduna ga masu ita na asali ba. Jihar da take son murya sai ta sake gini daga tushe, kamar yadda Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya kafa CTV a Kano, wadda aka sa mata sunansa bayan rasuwarsa a 2010. 'Yan kasuwa kuwa sai a 1992 doka ta yarje musu su nemi lasin.