Ɗiga Wa Kyanwa da Kare Magani a Ido

A asibitin dabbobi aikin kamar wasa yake. Likita ya ɗiga wa kyanwa magani kafin ta ankara, ya miƙa wa mai ita kwalba, ya ce a ci gaba a gida. Sai an koma gidan ake sanin akwai aiki. Kyanwar da ta yi lamo a kan teburin likita, yanzu tana hango kwalbar za ta shige ƙarƙashin gado, wanda ya jawo ta kuwa ya sha yakushi.

Kafin a zo ga riƙo, akwai maganar abin da za a ɗiga. Jan ido da kwantsa alama ce kawai, musabbabinta kuma da yawa. A kyanwa galibi ƙwayar cutar hafis ce ta kyanwoyi ko ƙwayar kilamidiya. A kare yana iya zama bushewar ido, wadda likita ke aunawa da siririyar takarda da yake saƙalawa a fatar ido tsawon minti ɗaya, ya ga iya inda hawaye ya jiƙa. Wani lokaci kuma ƙurar hunturu ce, ko ƙaya, ko farcen abokin faɗa ya karce tantanin nan garai-garai da ya rufe baƙin ido. Irin wannan gyambo ba kasafai ake ganinsa haka nan ba, sai likita ya ɗiga rinin fulorasin, wurin ya fito kore shar.

Nan ne ragowar maganin apolon yara ke yin ɓarna. Wasu magungunan idon mutane na ɗauke da sitiroyid, irin su dekzametazon. Yana kwantar da ja da kumburi har mai dabba ya ɗauka an samu sauƙi, alhali idan akwai gyambo hana shi warkewa yake yi, ya zurfafa har idon ya huje. Kuɗin ganin likita bai kai asarar ido ba.

To, magani ya zo daga hannun likita. A wanke hannu, a jiƙa auduga da tafasasshen ruwan da ya huce a goge kwantsar, kowane ido da audugarsa. Kyanwa a naɗe ta da tawul kamar jaririya, kai kaɗai a waje. Kare kuwa a zaunar da shi ya ba bango baya, don kada ya sami wurin ja da baya. Dabarar da ta fi kowace amfani ita ce hannun da ke riƙe da kwalba ya biyo ta bayan kai, ba ta gaban fuska ba, ya kuma jingina a kan goshin dabbar. In ta fizge, hannun ya tafi tare da ita, bakin kwalba bai tsokane ido ba. Ɗaya hannun ya tallafi haɓa, a ɗaga fuskar sama, a ɗan buɗe fatar ido. Ɗigo ɗaya ya isa, domin ido ba ya riƙe fiye da haka. Idan an ga wani farin tantani ya taso daga gefen hanci ya rufe rabin idon, ba abin tsoro ba ne: fatar ido ce ta uku, kare da kyanwa duk suna da ita.

In magani mai maiƙo ne kuma, a ja fatar ƙasa, a matsa kamar tsawon ƙwayar shinkafa a cikinta, a rufe idon a hankali ya bazu.

In magunguna biyu ne, a bar aƙalla minti 5 a tsakani, kada na biyu ya wanke na farko, kuma na ruwa ke riga mai maiƙo shiga. Ana gamawa a ba dabbar guntun nama ko kifi. Gobe ba za a sha wahalar nemanta ba. Mai yawan sosa ido da ƙafa ana sa mata kwalar roba mai kama da mazurari.

Idon da ya ƙara rufewa, ko ya yi hazo-hazo, ko ya kumbura bayan kwana ɗaya ko biyu da fara magani, a mayar wa likita ranar. Kwalba kuma a rubuta mata ranar da aka buɗe ta, domin yawancinsu bayan kwana 28 zubarwa ake yi.