3.4 Matsalolin Ƙara wa Kwamfuta Gudu

Ƙara wa kwamfuta gudu shi ne tilasta wa ƙwaƙwalwarta aiki fiye da saurin da kamfani ya ƙayyade, kamar yadda aka riƙa ɗaga Celeron 300A daga megahaz 300 zuwa 450 a 1998. Wannan yakan haifar da matsaloli biyu. Ta farko, kwamfuta ta ƙi tashi. Maganinta shi ne a cire wuta da batirin CMOS na ɗan lokaci, domin saitin BIOS ya koma na asali. Ta biyu, ta tashi amma ta riƙa tsayawa cak saboda zafi ko ƙarancin lantarki. Nan sai a rage gudun, a inganta fanka, sannan a gwada ta da Prime95. Ƙara lantarki barkatai kuwa yana iya ƙona ƙwaƙwalwar.