Littafin Girki Da Waya: Amfanin Awo A Tukunya

'Yan'uwa, yawancinmu a gindin murhu muka koyi girki, da ido muke awo. To, mene ne amfanin littafin girki, ko manhajar girki da ake sakawa a waya? Babban amfaninsu shi ne suna faɗin awo daidai.

Ga misali, garin kunun yara da ake kira Tom Brown. Ana auna kwano 6 na gero ko dawa, kwano 3 na waken soya, da kwano 1 na gyaɗa. A soya kowanne dabam, a cire ɓawon waken, a haɗa a niƙa. Hatsi yana ba da ƙarfi, waken soya da gyaɗa suna gina jiki. In aka rage waken, kunun zai cika ciki ne kawai, yaro kuwa yana ramewa. Ana fara ba yaro bayan ya cika wata 6, ana ci gaba da ba shi nono.

Haka ma gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a rana, wajen ƙaramin cokali ɗaya ke nan. Dunƙulen magi ma cike yake da gishiri, yawansa kuwa yana kawo hawan jini.

In littafi ya ambaci ganyen da ba mu da shi, kada mu damu. Zogale da alayyahu sun wadatar. Wadda ta iya karatu ta rubuta awon nan, ta karanta wa maƙwabtanta.