Joshua da Ruiz: Sa'a ce ko fin ƙarfi? Musun da za a raba a Saudiyya daren yau

Wata shida ke nan masu sha'awar damben boksin suna tafka musu a kan tambaya guda: shin abin da ya samu Anthony Joshua a birnin New York tsautsayi ne, ko kuwa Andy Ruiz Jr ya fi shi iya dambe ne kawai?

A daren yau Asabar, 7 ga watan Disamban 2019, za a samu amsa. Mutanen biyu za su sake gwabzawa a Diriyah da ke wajen birnin Riyadh, a wani fili mai ɗaukar 'yan kallo 15,000 da aka gina musamman domin wannan karawa. Kambun duniya huɗu na ajin masu nauyi ne a faifai: WBA da IBF da WBO da IBO. Dukkansu a hannun Joshua suke kafin watan Yuni. A watan Yunin 2019 suka koma hannun Ruiz.

A Najeriya, daga gidajen kallo zuwa teburin mai shayi, har shafukan Facebook da Twitter da zaurukan WhatsApp, mafi yawan mutane Joshua suke yi wa fatan nasara. Sai dai fata daban, hasashe daban. Ko a cikin masoyansa akwai waɗanda gabansu ke faɗuwa.

Abin da ya faru a watan Yuni

Ba Ruiz ne aka shirya zai kara da Joshua ranar 1 ga Yuni a Madison Square Garden ba. Jarrell Miller ne, amma gwaji ya nuna ya yi amfani da haramtattun ƙwayoyin ƙara kuzari, aka cire shi. Ruiz, wanda bai daɗe da doke Alexander Dimitrenko a watan Afrilu ba, ya tura wa mai shirya wasannin Joshua, Eddie Hearn, saƙo ta Instagram yana neman a ba shi damar. Kimanin mako biyar ya rage aka sanya sunansa.

Mutane da dama sun yi dariya da suka ga su biyun tsaye wuri ɗaya. Joshua dogo, jiki a murɗe, ya yi wasa 22 bai taɓa faɗuwa ba, 21 daga ciki ma bai bari an kai ƙarshe ba. Ruiz kuwa ga tumbi, ga shi bai kai shi tsawo ba. Kafin wasan har Joshua ya miƙa masa kambunan ya riƙe aka ɗauke shi hoto.

A turmi na uku Joshua ya kai Ruiz ƙasa, karo na farko da aka taɓa kayar da shi tun da ya zama ƙwararren ɗan dambe. Joshua ya afka domin ya ƙarasa aiki, sai Ruiz ya tare shi da naushin hagu a gefen kai, saman kunne. Daga nan ƙafafun Joshua suka daina ba shi haɗin kai. Ya faɗi sau biyu a wannan turmi, ya sake faɗuwa sau biyu a turmi na bakwai. A faɗuwar ƙarshe ya tofar da robar kare haƙoransa, ya koma kusurwa ya jingina da igiya. Alƙalin wasa Mike Griffin ya dube shi, ya ɗaga hannu ya tsayar da wasan.

Ruiz, haifaffen jihar California, ya zama mutum na farko ɗan asalin Mexico da ya riƙe kambun duniya a ajin masu nauyi.

Masu cewa sa'a ce

Hujjar masu goyon bayan Joshua ta fara ne daga wancan naushi guda. A cewarsu, duka a gefen kai kusa da kunne yana rikita ma'aunin tsayuwar mutum, kuma Joshua bai dawo hayyacinsa ba har aka tashi. Wato dai daga turmi na uku zuwa na bakwai ba cikakken Joshua ne Ruiz ya doke ba. Shi kansa Joshua ya bayyana naushin a matsayin na sa'a a wata hira da ya yi bayan wasan.

Suna kuma tunatar da cewa duk da faɗuwa biyu a turmi na uku, lokacin da aka tsayar da wasan tazarar maki ɗaya ce kacal: alƙalai biyu sun ba Ruiz 57-56, ɗaya ya ba Joshua 57-56.

Hujja ta biyu ita ce shiri. Joshua ya shafe makonni yana atisaye domin Miller, mutum mai girman jiki da ke tahowa a hankali. Sai ga shi an kawo masa mai saurin hannu a ƙurarren lokaci. A wannan karon ya samu wata shida yana nazarin mutum ɗaya. Ya ƙi sauraron masu cewa ya kori kocinsa Rob McCracken, amma ya ƙara masu horarwa biyu, Angel Fernandez da Joby Clayton.

Ta uku ita ce halitta. Tsawon Joshua santimita 198 ne, Ruiz kuma 188. A tsawon hannu Joshua ya fi shi da kusan santimita 20. Idan ya tsaya daga nesa yana aika miƙaƙƙen naushin hagu, yana zagaya fili, yana rungume Ruiz duk lokacin da ya matso, suna ganin babu yadda za a yi ya faɗi. Sun ma ce an taɓa ganin haka: Joseph Parker, mutum ɗaya tilo da ya taɓa doke Ruiz kafin Disamban 2019, da motsi ya yi nasara a kansa da maki a Auckland a Disamban 2016. Shi kuma Joshua ya doke Parker da maki a Cardiff a Maris ɗin 2018.

Masu cewa fin ƙarfi ne

Ɗaya ɓangaren na cewa naushin sa'a sau ɗaya yake kayar da mutum, ba sau huɗu ba. A ganinsu Ruiz ya tona wani rauni ne da ya daɗe a fili, nasarori ne kawai suka lulluɓe shi.

Suna lissafo misalai. Dillian Whyte ya girgiza Joshua a turmi na biyu a 2015. Wladimir Klitschko ya kai shi ƙasa a turmi na shida a Wembley a 2017, kafin ya farfaɗo ya yi nasara a na 11. Alexander Povetkin, wanda tsawonsa kusan ɗaya ne da na Ruiz, ya fasa masa hanci a farkon wasansu na 2018. Abin da suke fitarwa daga nan shi ne, duk wanda ya iya shigowa kusa da Joshua ya sakar masa naushi uku ko huɗu a jere, zai same shi. Kuma a wannan aji da wuya a sami mai saurin hannun Ruiz.

Akwai kuma batun gogewa. Ruiz tun yana ƙaramin yaro yake dambe, ya yi wasa fiye da 100 kafin ya zama ƙwararre. Joshua sai da ya kai shekara 18 ya fara. Masu wannan ra'ayi na cewa wata shida ba za su isa a sauya wa mutum salon da ya saba da shi ba, kuma da zarar ya ji zafin duka zai koma halinsa na ramawa nan take, wanda shi ne tarkon da ya faɗa a watan Yuni.

Game da Parker kuwa, suna cewa da ƙyar ya sha: alƙali ɗaya cikin uku canjaras ya bayar, kuma a gidansa aka yi wasan.

Babbar hujjarsu dai ita ce zuciya. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Ruiz ya ɗanɗani naushin Joshua mafi ƙarfi ya tashi. Joshua ya ɗanɗani na Ruiz ya kasa ci gaba. Kowannensu zai shiga fili da wannan a ransa.

Sikeli ya ƙara rura wutar musun

A jiya Juma'a aka auna nauyinsu, kuma abin da sikeli ya nuna ya sa wasu sun sauya hasashe.

Joshua ya zo da kilo 107.5, ya rage kusan kilo biyar a kan kilo 112.4 da ya yi a watan Yuni. Bai taɓa shiga wasan neman kambun duniya da ƙarancin nauyi irin wannan ba. Ruiz kuwa ya tashi daga kilo 121.6 zuwa 128.7. Tazarar da ke tsakaninsu yanzu ta haura kilo 21.

Masoya Joshua sun ce magana ta ƙare. Sun ga hotunan sabuwar motar Rolls-Royce da katafaren gida da sarƙoƙin da Ruiz ya riƙa wallafawa, sun ga ziyarar da ya kai wa shugaban Mexico na wancan lokaci, Andres Manuel Lopez Obrador. A wurinsu ƙarin kilo bakwai shaida ce cewa daɗin duniya ya ɗauke masa hankali daga atisaye.

Masoya Ruiz sun ce a bi a hankali. Da riga a jikinsa da malafarsa ta Mexico a kai ya hau sikelin. Ban da haka, sun ce kallon tumbinsa ne ya yaudari duniya a karon farko, kuma raina kama ka ga gayya. Wasu ma na ganin ramar da Joshua ya yi za ta iya rage ƙarfin naushinsa, ta kuma sa Ruiz ya riƙa ture shi cikin sauƙi idan sun haɗa jiki.

Tarihi na kowa ne

Kowane ɓangare na da abin da yake ɗaukowa daga tarihi.

Floyd Patterson ya faɗi sau bakwai a turmi ɗaya a hannun Ingemar Johansson a 1959, amma ya dawo a 1960 ya yi masa bugun kwaf ɗaya, ya zama na farko da ya taɓa ƙwato kambun wannan aji. Muhammad Ali ya sha kashi a hannun Leon Spinks a Fabrairun 1978, ya rama a Satumba. Lennox Lewis ya raina Hasim Rahman a Afirka ta Kudu a Afrilun 2001 aka kwantar da shi a turmi na biyar, ya dawo a Nuwamba ya kwantar da Rahman a turmi na huɗu.

Sunan da masoya Joshua suka fi ambata tun jiya shi ne Buster Douglas. Ya girgiza duniya da ya doke Mike Tyson a Tokyo a Fabrairun 1990, sannan ya zo karawa da Evander Holyfield a Oktoba da ƙiba, aka gama da shi a turmi na uku.

Masoya Ruiz su ma da Patterson suke mayar da martani. Sonny Liston ya kwantar da shi a turmin farko a 1962. Da aka sake haɗuwa a 1963, a turmin farko ya sake kwantar da shi. Tyson ma ya nemi fansa a kan Holyfield a 1997, aka ƙare da cizon kunne da kora daga fili. Wani lokaci mutum kan haɗu da wanda salonsa ba ya ɗaukuwa gare shi, ko sau nawa za a maimaita.

Ɗan Najeriya ne ko ɗan Birtaniya?

A Watford da ke Ingila aka haifi Anthony Oluwafemi Olaseni Joshua a 1989, kuma Birtaniya ya ciyo wa zinare a gasar Olympics ta Landan a 2012. Amma asalin danginsa Sagamu ne a jihar Ogun, ya ɗan yi karatun kwana a Najeriya yana yaro, kuma akwai zanen taswirar Afirka a kafaɗarsa ta dama da aka fito da Najeriya a ciki. Bayan shan kayen Yuni ya zo Legas, har ya shiga unguwar Makoko.

Wannan ne ya sa 'yan Najeriya da yawa ke ɗaukar wasan tamkar na Super Eagles. Rabon da wani haifaffen Najeriya ya riƙe babban kambun wannan aji tun Samuel Peter, wanda ya ci na WBC a Maris ɗin 2008 ya rasa shi a Oktoban shekarar.

Wurin da za a yi wasan ma bai tsira daga ce-ce-ku-ce ba. Ƙungiyar Amnesty International ta zargi Saudiyya da amfani da wasanni wajen wanke sunanta, shekara guda bayan kisan ɗan jarida Jamal Khashoggi a ofishin jakadancinta da ke Istanbul. Shi kansa Ruiz da farko ya nuna ba ya son zuwa, kafin daga baya ya amince.

Abin da ke gaban kowa

Idan Ruiz ya sake nasara, babu mai sake kiran sa ɗan sa'a, kuma shi za a riƙa haɗawa da Deontay Wilder da ke riƙe da kambun WBC a 2019, wanda ya kwantar da Luis Ortiz a turmi na bakwai makonni biyu da suka wuce. Idan Joshua ya sake faɗuwa yana da shekara 30, ba lallai ne ya yi ritaya ba, amma zai yi wuya a sake kallon sa a matsayin wanda ya fi kowa. Duk wanda ya ci kuma, Kubrat Pulev da Oleksandr Usyk na layi suna jiran sa.

Mai kallo ya sa ido a kan abu biyu. Na farko, ƙafafun Joshua a turmi huɗu na farko: idan bayansa na yawan taɓa igiya, to Ruiz ya fara samun abin da yake so. Na biyu, abin da Joshua zai yi a karon farko da ya ga naushinsa ya girgiza Ruiz. Idan ya ja baya ya ci gaba da tara maki, ya koyi darasi. Idan ya afka, an koma watan Yuni.

Idan aka auna hujjojin biyu, na masu cewa Joshua zai ci da maki bayan turmi 12 ya fi nauyi, musamman bayan abin da sikeli ya nuna. Sai dai hakan na nufin sai ya shafe minti 36 bai yi kuskure ba, alhali Ruiz daƙiƙa kaɗan yake buƙata. Shi ya sa ko waɗanda suka fi kowa cika baki a kan Joshua ba za su zauna daram a kujera ba sai an kaɗa ƙararrawar ƙarshe.