Ruwa ya ci gida: ina za a sa iyali?

Ginin laka ba ya jimre ruwa mai yawa. In sama ta kwana tana zuba, bango ya kan jiƙe tun daga gindi, rufi ya yi nauyi, ɗaki ya zauna. Kafin gari ya waye, magidanci ya zama marar gida. Daga nan idonsa yana ga hukumar garinsa.

A damanar 2024 haka ta faru a ko'ina cikin Nijar. Mutum fiye da miliyan 1 ambaliya ta shafa. Fiye da 300 sun rasu. Jihar Maraɗi tana cikin inda ɓarna ta fi yawa. Gidaje sun faɗi, rumbuna sun tafi, bisashe sun halaka.

Masaukin farko

Wanda ke da dangi a tudu ya kan raɓa gare su. Wanda ba shi da kowa, lakwal ake kai shi. Dalili a fili yake: ɗakunan lakwal na siminti ne da kwano, kuma lokacin damana yara suna hutu. Amma lakwal tana da masu ita. A 2024 sai da gwamnati ta ɗage komawar yara daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga Oktoba, don wasu ɗakunan karatu sun lalace, wasu kuma cike suke da iyalai.

Kuka uku

Waɗanda suka yi wannan zama suna da kuka uku.

Na farko, rubutun sunaye. Bayan ambaliya ana aiko mutane su ƙidaya gidajen da suka faɗi. Da wannan takarda ake raba hatsi, tabarmi, bargo da gidan sauro. Wanda sunansa bai shiga ba, bai da rabo. Mai haya ya kan ce an rubuta mai gida an bar shi, alhali shi ne ruwa ya ci wa kaya. Makiyayi ya kan ce ranar da aka zo yana daji wurin neman sauran dabbobinsa. Macen da mijinta ya tafi cin rani ta kan ce ba a tambaye ta ba. Akwai kuma masu cewa an sa sunan wanda ko katangarsa ba ta tsage ba.

Na biyu, zaman kansa. Iyalai da yawa cikin ɗaki guda, maza da mata, babu sutura. Makewayi kaɗan ne, mutane da yawa. Inda ruwa ya kwanta sauro ya kan yi yawa, zazzaɓi ya kama yara. In ruwan sha ya gurɓace, zawo da amai ba su da nisa. Mai akuya biyu ko uku da suka tsira ba shi da wurin ɗaure su.

Na uku, ranar fita. Da lokacin karatu ya gabato sai a ce kowa ya kwashe. Wannan gaskiya ne, yara ba za su rasa karatu ba. Amma tambayar magidanci ita ce: zuwa ina? In ba a nuna masa wuri ba, kangonsa zai koma, ya kwaɓa laka ya tada ɗaki a kan hanyar ruwa. Baɗi kuma a sake.

Abin da hukuma ke fama da shi

Tun zaɓen 2004 ƙananan hukumomi suka fara aiki da magadan gari da ƴan majalisa. A watan Afrilu na 2024 an rushe majalisun, aka naɗa kantomomi. Ko wane ne ke kan kujera, matsalar guda ce: asusun hukumar ƙauye ƙarami ne. Haraji da kuɗin kasuwa ba su isa gina wa jama'a gidaje ba. Mafi yawan taimako daga gwamnati yake fitowa da ƙungiyoyin agaji. A 2016 an kafa ma'aikata ta musamman mai kula da agaji da bala'o'i. Aikin hukumar gari shi ne ta ƙidaya, ta ba da masauki, ta tsaya a kan rabo, ta nemi fili. Ba ta da ikon hana ruwa. Amma gyaran takarda da faɗa wa mutane gaskiya ba su bukatar kuɗi mai yawa.

Darasi daga baya

Wannan ba sabon abu ba ne. A 1945 Gulbin Maraɗi ya cika ya ci tsohon gari da ke cikin fadama. Aka tada garin, aka maida shi bisa tudu inda yake yanzu. Mutane sun zauna, don kasuwa da hukuma duk sun hau tare da su.

A Yamai, lokacin farin 1973 da 1974, an tara makiyayan da suka rasa dukiya a sansanin Lazare. Zaman ɗan lokaci ne aka nufa. Yau Lazare unguwa ce cikin birni.

Bayan ambaliyar 2012 an ba mutanen bakin kogi filaye a Seno, bayan gari. Wasu sun zauna. Wasu sun ga wurin ya yi nisa da abin da suke nema, suka koma bakin ruwa. A Satumba 2020 kogin Kwara ya kai mita 7 a ma'aunin Yamai, ya fasa madatsar Lamorde, aka sake cika lakwal da iyalai, daga baya aka kai su tantuna.

Ke nan fili kaɗai bai isa ba. Sai da rijiya, da hanya, da kusanci da gona ko kasuwa.

Amfanin mai karatu

A nan ne wanda ya shiga yaƙi da jahilci zai amfani garinsa. Ranar ƙidaya ya bi masu rubutu gida gida, tare da maigari. Ya rubuta nasa cikin littafi: sunan magidanci, yawan iyali, ɗaki nawa ya faɗi, dabba nawa ta mutu. Kada a manta masu haya, da zawarawa, da ruggagen da ke gefen gari. Kafin takarda ta tafi, a karanta ta da ƙarfi a ƙofar maigari, kowa ya ji sunansa.

Wanda aka tsallake kada ya tsaya ga gunaguni. A rubuta masa kukansa, a sa kwanan wata, a ajiye ɗaya a gida. A kai ga maigari, daga nan ga sarki, daga nan ga ma'aikatar magajin gari. Maganar baki tana ɓata, rubutu yana nan.

Tun da rani kuma gari ya zauna ya zaɓi tudun da za a sauka in ruwa ya zo, a haƙa makewayi, a ware wurin bisashe. Wanda zai yi sabon gini ya tambayi tsofaffi inda korama ta saba bi. Zanen aro ba ya rufe katara, ɗakin lakwal kuma na yara ne.