Yadda Ake Ɗaukar Hoton Tsabar Kuɗi a Arlit

Duk wanda ya taɓa ɗora dala ashirin a tafin hannunsa a kasuwar Arlit, ya nufe ta da wayarsa da tsakar rana, ya san abin da ke biyo baya: ƙyalli kawai, domin ranar yankin Ayar takan shafe zanen kifin nan na bankin BCEAO da ke jikin kuɗin, alhali kuwa shi ne ma'aunin zinariyar mutanen Akan da ya kamata a gani. Hikimar tana ga haske. A shimfiɗa baƙin ƙyalle kusa da taga bayan sallar asuba, haske ya shigo ta gefe guda, ya kwantar da inuwa cikin kowane harafi. A ɗora wayar bisa littattafai, ta fuskanci kuɗin sosai, sa'an nan a sa ta ɗauka da kanta bayan daƙiƙa uku, gama rawar hannu ita ce babbar matsala.

Tsabar azurfar Mariya Tareza mai tarihin 1780, wadda maƙeran Agadas suka daɗe suna narkewa, ta fi cancantar wannan haƙuri. Mai karatu, hure ƙurar hunturu kawai, kada ka goge tsufanta.